Filin Tambaya da Amsa: John Murray, mai wa'azin da ya ce ba ɗan Adam ɗin da zai dawwama a wuta

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. A fitowar da ta wuce da muke magana kan rabe-raben ɗarikun Kirista a Amurka na ambaci sunan wani mutum John Murray a layi ɗaya tak na wuce, ashe na taɓo abu, saƙonni suka yi ta shigowa a kansa. Na zaɓi huɗu, sauran ku yi haƙuri don kusan duk abu ɗaya kuke tambaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah wane ne wannan John Murray ɗin, kuma meye Yunibasalis? Ni ɗalibi ne a Amurka yanzu haka, kusa da masaukinmu akwai wani coci mai irin wannan sunan a allonsa, kullum sai na wuce ta wajen amma ban san ko su waye ba.

AMSA: Yawwa ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Yunibasalis a taƙaice su ne Kiristocin da suka ce ceto na kowa da kowa ne, wato a ƙarshen lamari babu mutum ko ɗaya da zai dawwama a wuta. John Murray kuma shi ake yi wa laƙabi da uban wannan ɗarika a Amurka, duk da ba shi ya fara faɗin maganar ba, tun ƙarni na 3 wani malamin Kirista Origen ya faɗi makamanciyarta, kuma a Amurkan ma wani likita George de Benneville ya riga shi wa'azinta a Pennsylvania. Abin da Murray ya yi shi ne ya tara mutane suka zama coci mai suna da gini da matsayi a gaban doka.

Amma kafin ka gane aƙidar sai ka fara ganin gidan da ya fito. An haife shi ranar 10 ga Disamba 1741 a garin Alton na Ingila, yana wajen shekara goma iyayensa suka koma Ailan kusa da birnin Cork. Babansa mutum ne mai tsananin riƙo da koyarwar wani malamin Kirista mai suna Calvin, wadda ta ce tun kafin a halicci duniya Allah ya riga ya ware 'yan zaɓaɓɓu da za su tsira, saura kuwa wuta ce makomarsu ba abin da za su iya yi a kai. Ka ɗauki yaro ƙarami ka rene shi da wannan, ga duka a gida, ga ranar Lahadi da ba dariya ba wasa, kullum zuciyarsa na bugawa ko yana cikin zaɓaɓɓun ko ba ya ciki. Shi da kansa ya rubuta cewa tsoron babansa ya fi ƙaunar da yake masa yawa a lokacin. Wallahi duk sanda na karanta wannan wajen sai tausayin yaron ya kama ni.

Da ya tasa sai ya shiga 'yan Metodis, John Wesley jagoran wannan ɗarika da kansa ya ɗora shi shugabancin wani aji na samari, daga baya ya tafi Landan wajen 1760 ya zama ɗan gaba-gaba a majami'ar George Whitefield, shahararren mai wa'azin wancan zamani. A nan ya auri Eliza Neale. To a Landan ɗin akwai wani mai wa'azi ɗan yankin Wales, James Relly, da ke cewa Yesu ya riga ya ceci dukkan mutane, kuma Murray ya tsane shi tsana ba ta wasa ba, yana ganin mai ɓatar da jama'a ne kawai.

Sai wata rana aka ce wata budurwa 'yar cocinsu ta bi Relly, aka tura Murray da wasu 'yan'uwa su je su dawo da ita hanya. Ya shiga da ƙarfin gwiwarsa ya karanto mata ayar da ke cewa wanda bai ba da gaskiya ba za a hukunta shi. Ita kuwa cikin ladabi ta tambaye shi, to mene ne abin da ake so mutum ya gaskata? Ya ce ya gaskata Yesu mai cetonsa ne. Ta ce to Yesu mai ceton marar bangaskiya ne? Ya ce a'a. Ta ce kenan ana kiran mutum ya gaskata abin da ba gaskiya ba ne, don in har ba mai cetonsa ba ne kafin ya gaskata, to ƙarya ake ce masa ya yarda da ita, kai kuma kafin ka ba da gaskiya ya mutu dominka ko bai mutu ba? Murray ya rasa ta cewa, ya ciro agogonsa ya duba ya ce lokaci ya ƙure, ya fice. Shi ne ya ba da labarin nan a kan kansa ba wani ba, kuma bai ɓoye cewa ta ƙure shi ba.

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya samo littafin Relly mai suna Union da aka buga 1759, shi da Eliza suka riƙa karantawa suna gwadawa da Littafi Mai Tsarki, suka fara zuwa sauraron mutumin a ɓoye, a ƙarshe dai suka yarda. Cocin Whitefield ta kore shi. Daga nan fa sai abubuwa suka riƙa faɗo masa ɗaya bayan ɗaya, ɗansu ɗaya tilo ya rasu yana ɗan wajen shekara guda, Eliza ta kwanta ciwo, ya ci bashi wajen jinyarta, ita ma ta rasu, abokan coci duk sun juya baya, masu bin bashi suka sa aka kulle shi sai da ɗan'uwan matar ya zo ya biya aka sake shi. Relly ya yi ta lallashinsa ya fara wa'azi ya ƙi. Bai kai shekara 29 ba amma ya riga ya gaji da duniya, burinsa kawai ya je wani waje da ba wanda ya san shi ya ƙare kwanansa shiru. Da wannan niyya ya hau jirgin ruwa mai suna Hand in Hand zuwa Amurka a 1770.

A watan Satumba jirgin ya kafe a yashi cikin hazo a gaɓar New Jersey, aka sauke wasu kaya cikin ƙaramin jirgi don babban ya samu ya taso, aka bar Murray ya kula da su, babban jirgi ya tafi, iska ta juya ƙaramin ya kasa fita. Ya sauka tudu neman abin da ma'aikatan jirgin za su ci, a wani ɗan ƙauye da ake kira Good Luck. Nan ya tarar da wani manomi Thomas Potter a ƙofar gidansa ga tulin kifi, ya ce a sayar masa, Potter ya ce shi ba ya sayar da kifi, kyauta ya samu a ruwa ya ɗiba kawai. Shi Potter ɗin bai iya karatu ba, sai dai a karanta masa Littafi Mai Tsarki ya yi ta juya shi a ransa, har ya kai ga cewa Allah ba zai yar da kowa ba, kuma shekara goma kafin nan ya gina ɗakin ibada da kuɗinsa a gonarsa yana jiran ranar da Allah zai aiko mai wa'azin da zai faɗi haka, maƙwabta suna ta masa dariya. Ya ce wa Murray kai ne nake jira. Murray ya ce shi ba mai wa'azi ba ne kuma da iska ta juya zai wuce. Potter ya ce iskar nan ba za ta juya ba sai ka isar mana da saƙo. Har daren Asabar iska ba ta juya ba, ranar Lahadi 30 ga Satumba 1770 ya hau ya yi wa'azi, yana gamawa aka zo aka ce masa iska ta yi daidai. Wannan ranar ce mabiyansa suke ƙirgawa a matsayin mafarin ɗarikarsu a Amurka. Labarin daga bakin Murray ya fito a littafin tarihin rayuwarsa, amma Potter mutum ne na gaske, wajen ma yana nan ana kiransa Murray Grove, in ka samu hutu kana iya zuwa ka gani.

Sunan da ka gani a allo kuma, a 1961 ne Yunibasalis suka haɗe da 'yan Yunitariyan, wata ɗarika da ba ta yarda da Triniti ba (wato Allah ɗaya cikin uku, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki), suka zama ƙungiya ɗaya, kuma yau ta yi nisa sosai da abin da Murray ya sani, a cikinsu har da waɗanda ba sa kiran kansu Kirista ma.

TAMBAYA: Malam wai da gaske ne an jefe shi? Na ga an rubuta haka a Facebook.

AMSA: Da gaske ne ƙanena. A Boston ne 1774, yana tsaye yana wa'azi aka wurgo wani dutse mai kaushi ta tagar da ke bayansa, saura kaɗan ya same shi a ka. Ya sunkuya ya ɗauka ya ɗaga wa jama'a ya ce wannan hujja dai tana da ƙarfi tana da nauyi, amma ba hankali a cikinta kuma ba ta gamsar da kowa, ya ci gaba da wa'azinsa.

Amma ni a ganina dutsen ba shi ne babban abin da ya sha ba. A shekarar nan ne wasu masu jiragen ruwa na garin Gloucester a Massachusetts, cikinsu har da Winthrop Sargent, waɗanda dama sun karanta littafin Relly, suka gayyace shi ya zauna da su. Yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke a 1775, aka ɗauke shi limamin sojojin Rhode Island, sauran limaman suka kai ƙara a cire shi saboda aƙidarsa, George Washington da ke jagorantar rundunar ya ƙi, ya tabbatar da shi a watan Satumba. Ciwo ne ya mayar da shi Gloucester, ya tarar yaƙi ya tsayar da kamun kifi mutane na cikin yunwa, ya koma wajen hafsoshin soja ya roƙo taimako ya kawo aka raba wa talakawan garin, amma duk da haka wasu manyan garin suka ce ɗan leƙen asirin Ingila ne ya bar musu gari. Bai tafi ba. Ranar 1 ga Janairu 1779 mabiyansa suka kafa cocinsu mai zaman kanta, ranar Kirsimeti ta 1780 suka buɗe gininsu.

To a lokacin dokar Massachusetts ta tilasta wa kowa biyan haraji don albashin limamin babbar cocin gari. Mutanen Murray suka ce mu muna da namu limamin, ba za mu biya ba. Hukuma ta shiga kwashe musu kaya tana gwanjo, wani aka ɗauke masa kayan azurfa na gida, wani kuma aka cire masa ƙugiyar ƙarfen da ke tsayar da jirginsa a ruwa ana gab da tashi. Aka shiga kotu 1783, kuma dole sai da sunan Murray za a shigar da ƙarar, abin da ya yi masa nauyi ƙwarai don shi a lokacin ko albashi ba ya karɓa, yana ganin kamar za a ce kuɗi yake nema. Shari'a ta ja har 1786 suka yi nasara, aka yarda mutum na da ikon harajinsa ya tafi ga limamin da yake bi. Wannan hukunci ya amfani ƙananan ɗariku da yawa har da waɗanda ba sa ga maciji da Murray, duk da sai 1833 jihar ta soke harajin coci gaba ɗaya. Wani abu da ya burge ni, cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar cocin ta 1785 akwai Gloster Dalton, baƙar fata da aka kawo daga Afirka a matsayin bawa daga baya ya samu 'yanci, sunansa na nan jere da na attajiran garin.

TAMBAYA: Malam da girmamawa, ni fa ban ji daɗin yadda ka kawo mutumin nan ba. In aka ce wa mutane ba wuta ai an ba su lasisin aikata ɓarna kenan. Ko kana goyon bayan maganarsa ne?

AMSA: Na gode Alhaji da ka fito fili ka faɗa, kuma tambayarka tana kan hanya. Filin nan na tarihi ne, hukuncin aƙida kowa ya koma ga malamansa, kuma sanin kowa ne Musulunci da mafi yawan ɗarikun Kirista duka ba su tafi a kan abin da Murray ya tafi ba. Amma ba na son mu ɗora wa mutum abin da bai faɗa ba ko da mun saɓa da shi. Wannan zargi naka shi ne ainihin wanda aka yi masa tun yana raye, har a kotu an kawo shi, aka ce wanda ya musanta azaba ta har abada ba zai zama malamin tarbiyya ba. Shi kuwa bai ce zunubi ba komai ba ne. Cewa ya yi dukkan 'yan Adam haɗe suke da Almasihu kamar yadda gaɓoɓi ke haɗe da kai, don haka hukuncin ya riga ya sauka a kansa a madadin kowa, wanda ya gaskata yana samun salama tun a duniya, wanda bai gaskata ba zai zauna cikin duhu da fargaba har bayan mutuwa, sai ranar shari'a idonsa ya buɗe. Misalin tumaki da awaki da ke cikin Linjila ma ya fassara shi da cewa tumakin mutane ne, awakin kuma aljanun da suka yi tawaye. Kana iya cewa fassarar ba ta yi ba, da yawa sun faɗa, har cikin 'yan ɗarikarsa.

Abin da ya sa na damu da labarinsa shi ne mutumin bai zo da wannan magana don neman sauƙi ba. Da sauƙi yake so da ya yi shiru a Landan ya riƙe matsayinsa da abokansa. Mutum ne da aka rena da tsoro har tsoron ya kusa kashe masa zuciya, ya binne ɗa ya binne mata, sannan ya tashi yana gaya wa masu irin ciwonsa cewa Mahaliccinsu ba maƙiyinsu ba ne, kuma ya biya farashin faɗin haka shekara da shekaru. Ina girmama wannan ko da ban bi shi ba.

TAMBAYA: Malam ni tambayata a kan ƙarshensa ne. Ya sake aure? Kuma yaya ya rasu, an ce ya sha jinya.

AMSA: Ya sake Hajiya, amma sai bayan shekara 18 da zuwansa Amurka. A watan Oktoba 1788 ya auri Judith Sargent, 'yar wancan Winthrop Sargent ɗin da ya gayyace shi, bayan mijinta na farko ya rasu. Matar nan ba ƙaramar mace ba ce, marubuciya ce, a 1790 ta fitar da maƙala tana kafa hujja cewa basirar mace daidai take da ta namiji, ilimi ne kawai aka hana ta, yau ma a jami'o'in Amurka an fi karanta ta fiye da mijin. Ɗansu na fari bai zo da rai ba a 1789, kin ga karo na biyu kenan yana rasa ɗa namiji, sai 1791 suka samu 'ya mace Julia Maria, ita kaɗai ta rayu. A 1793 ya zama limamin cocin Yunibasalis ta Boston, suka koma can, a nan ya zauna har ƙarshe.

Shekarunsa na Boston suna da wani ɗaci da ba a cika faɗa ba. Ɗarikar da ya sha jifa dominta ta girma, amma ta fara bin wata hanya. Wani matashi Hosea Ballou ya taso yana cewa eh kowa zai tsira, amma ba ta hanyar da Murray ya bayyana ba, shi bai yarda da Triniti ba, bai yarda Yesu ya mutu don ya biya fushin Allah ba, kuma littafinsa na 1805 shi matasan limamai suka runguma. Akwai lokacin da Murray ya yi tafiya Ballou ya riƙe masa mumbari, yana gama wa'azi Judith ta aika wani daga cikin mawaƙan coci ya miƙe ya sanar cewa abin da aka ji yau ba shi ne koyarwar da aka saba yi a wannan gida ba. Ballou bai yi fushi ba, ya ce jama'a su lura da abin da ɗan'uwa ya faɗa, shikenan. Ki duba dattijo yana ji yana gani ana kiransa uba amma 'ya'yan ba maganarsa suke maimaitawa ba.

Ranar 19 ga Oktoba 1809 ciwon shanyewar jiki ya buge shi. Mutumin da ya yi shekaru kusan 40 yana yawo a kan doki da keken doki daga wannan gari zuwa wancan, wanda aka sani da zafin nama da raha da saurin mayar da amsa, sai ga shi ko juyawa a gado sai an juya shi. Hankalinsa kuwa garau, bakinsa na magana. Kusan shekara shida a haka. Wani lokaci a ɗauke shi a kai shi coci ya zauna ya saurari wani yana wa'azi a mumbarinsa. Judith ce ta tsaya a kansa dare da rana, ga kuɗi ya yi ƙasa, ita ce ta tattara wasiƙunsa da guntayen wa'azinsa suka fitar da su juzu'i uku tsakanin 1812 da 1813 ko a samu abin rufin asiri. Dama mutum ne da ba ya rubuta wa'azi, da ka yake yi, shi ya sa abin da ya rage kaɗan ne a kan abin da ya faɗa.

Masu adawa da shi sun daɗe suna cewa bari mutuwa ta matso za ku ga ya janye, don a zamanin ana ɗaukar gadon mutuwa a matsayin inda ake gwada aƙidar mutum. Bai janye ba. Yadda matarsa ta rubuta, shekarun jinyar nan ɗokin tafiya yake yi ba tsoronta ba, kuma wannan shi ne yaron nan na Ailan da ko barci ba ya iya yi da daɗi don fargabar wuta. Ya rasu ranar Lahadi 3 ga Satumba 1815 a Boston yana da shekara 73.

Tarihin rayuwarsa da ya fara rubutawa ya tsaya ne a wajen 1774, Judith ta zauna ta ƙarasa sauran shekaru 41 ɗin da hannunta aka buga a 1816. An fara binne shi a maƙabartar Granary cikin Boston a kabarin dangin matarsa, ko dutse mai sunansa babu, sai a 1837 mabiyansa suka haɗa kuɗi suka mayar da shi maƙabartar Mount Auburn a Cambridge suka kafa masa alama. Thomas Potter kuwa ya riga shi rasuwa da daɗewa, Murray ya koma Good Luck ya tarar ba ya nan ya yi wa'azi a ɗakin yana tuna shi, ɗakin ma daga baya hannun 'yan Metodis ya koma. Judith ta bi 'yarta da ta yi aure can kudu a Natchez ta jihar Mississippi, a can ta rasu 1820 aka binne ta, fiye da mil dubu tsakanin kabarinta da nasa.